Babi na Uku: Yaron da Ba Ya Waiwayowa

"Yaron nan ya kusa shekara biyu, har yau ko 'Inna' bai iya cewa ba. Anya lafiya kuwa?"

Duk wanda ya zauna a tsakar gida a Tsauni, ko ya bi layin awon yara a gidan likita na Matamaye, ya taɓa jin wannan tambaya, ya kuma san amsoshin da ake ba ta. Uwar miji ta ce, "Ke dai kin cika gaggawa, ɗiyata. Ubansa ma sai da ya shekara uku bakinsa ya buɗe." Maƙwabciya ta ce ai namiji ne, maza nauyin baki gare su. Kawu ya ce miskili ne, kakansa ya gado. Sau da yawa kuwa maganarsu ce ke tabbata: yaro ya yi ta shiru, ran nan sai baki ya buɗe, har a koma ana roƙonsa ya bar mutane su huta.

Amma ba kowane yaro ba. Cikin waɗanda ake cewa a ba su lokaci, akwai waɗanda duk watan da ya wuce asara ce gare su. To ta yaya uwa, ko kaka, ko yayar da ke goyo, za ta bambance mai nauyin baki kawai da yaron da ke da otizim, lalurar nan da wasu gidajen rediyo ke kira galahanga? Amsar ita ce kada a zauna jiran baki. Tun kafin yaro ya furta kalma ɗaya, ya daɗe yana hira da mutanen gidansu da ido, da murmushi, da ɗan yatsa. A wannan hirar ta farko ake fara gane lalurar.

Tuna baya kaɗan

A babin da ya gabata mun ga cewa otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, kuma yana somawa tun yaro yana ciki. Abu biyu yake taɓawa: cuɗanyar yaro da mutane, da yadda yake manne wa wasu halaye yana ta maimaita su. Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins na Amurka, shi ya fito da shi fili a 1943, bayan ya bibiyi yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. A Amurka, inda ake tantance yara sosai, ƙididdigar da aka fitar a 2025 ta ba da 1 cikin 31. An fi ganinsa ga maza, ninki uku zuwa huɗu a kan mata.

Mu riƙe ƙiyasin 1 cikin 100 ɗin. Garin da ke da yara 300 zai iya samun uku. Ke nan yaran suna nan cikinmu, a Tsauni da Kance da Ɗan Barto, sai dai mun ba su wasu sunaye: bebe, dolo, mai iska, ɗan ruwa.

Ido da murmushi

Jariri mai lafiya yakan fara mayar da murmushi yana da kamar wata 2. Kafin wata 6 ya iya ƙyalƙyala dariya idan aka yi masa wasa, kuma in yana shan nono yakan tsaya ya zuba wa uwarsa ido, wani lokaci har ya saki nonon ya yi mata murmushi sannan ya ci gaba. Babu wanda ya koya masa. Da son fuskar mutum aka haife shi.

A 2013 wasu masana biyu a birnin Atlanta, Warren Jones da Ami Klin, suka bayyana abin da suka gano da wata na'ura mai bin inda idon jariri yake kallo. Yaran da daga baya aka tabbatar suna da otizim sun fara rayuwa suna kallon ido kamar kowa, amma tsakanin wata 2 da wata 6 kallon ya soma raguwa sannu a hankali. Ido tsirara ba zai kama wannan raguwa da wuri haka ba, don haka kada wata uwa ta tayar da hankalinta a kan ɗan wata uku. Abin da binciken ya nuna mana shi ne lalurar tana tafe tun kafin yaye, tun kafin fitowar haƙori, tun kafin duk abubuwan da muke ɗora wa laifi.

Nan akwai wani abu da ya shafe mu musamman. A tarbiyyarmu, yaro ya tsura wa babba ido tsaurin ido ne. Ɗan shekara bakwai da ya sunkuyar da kai gaban kakansa ladabi ya yi, Allah ya yi masa albarka. Amma ɗan wata takwas bai san kunya ba. Idan kin tallabo shi, kin kawo fuskarki daf da tasa, kina masa wasa, shi kuwa idonsa na kan tabarma ko hasken da ke shigowa ta tsagar ƙofa, kuma kullum haka, wannan ba ladabi ba ne.

Akwai kuma yabon da nake jin tsoro: "Wannan yaro akwai haƙuri. In ka ajiye shi, nan za ka dawo ka same shi." Uwar da ke da surfe da ɗiban ruwa da aikin gona dole ta gode wa Allah da samun irin wannan ɗa, kuma yawancin masu haƙuri lafiyarsu lau. Sai dai a duba: in uwarsa ta dawo daga rijiya, fuskarsa tana canzawa? Yana miƙo hannu a ɗauke shi? Yana ƙiwa idan baƙo ya karɓe shi, kamar yadda yara ke yi daga wajen wata 8? Yaron da fitar uwarsa da shigowarta duk ɗaya ne gare shi, abin lura ne.

Goyo ma yana da nasa. Uwa tana wuni da ɗanta a baya, tana jin numfashinsa, tana jin zafin jikinsa tun zazzaɓi bai bayyana ba, amma ba ta ganin fuskarsa. Lokacin da ido ke haɗuwa da ido shi ne shan nono, da wanka, da ɗan zaman bayan magariba. A riƙa lura a waɗannan lokutan. A kuma tambayi yarinyar da ke renonsa. 'Yar shekara tara da ke wuni da ƙaninta ta fi kowa sanin ko yana dariya in an yi masa ɓuya da mayafi, sai dai ba a cika tambayarta ba.

Kiran suna

Daga wata 9 yawancin yara suna waiwayowa idan an kira sunansu. In yaro ya cika shekara ba ya yi, a bincika.

Gwajin ba ya bukatar komai. Ki tsaya a bayansa, inda ba ya ganinki, lokacin da ba ya kuka kuma ba barci yake ji ba. Ki kira shi da murya irin ta kullum, ba tsawa ba. Ki ɗan dakata, ki sake. Kada a yanke hukunci da rana ɗaya. A gwada yau, a gwada jibi, uwa ta gwada, uba ya gwada.

Yaranmu sunaye gare su da yawa: na yanka daban, wanda kaka ta laƙaba daban, wanda yayye ke kira daban. A yi amfani da wanda ya fi ji kullum. Sannan ga kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, wani lokaci ma takan nuna kamar ba ta san da shi ba. Al'ada ce mai tushe, ba na cewa a yar da ita. Amma a lura da inda ta bar mu: ɗan da uwa ba ta da wani na baya da za ta gwada shi da shi, shi ne kuma wanda aka hana ta kira. A irin wannan gida nauyin yana kan kaka da goggo. Ita kuma uwar, in ta shiga ɗakinta da dare babu mai ganinta, ta kira shi da laƙabinsa ta ga abin da zai yi.

Abin da ke rikita iyaye shi ne wannan yaron da ba ya amsa suna, da an buɗe ledar alewa a bayan ɗaki sai ga shi a guje. Ƙarar babur daga nesa ba ta wuce shi. Sai a ce, "Yana ji sarai, taurin kai ne," a ɗauko tsumagiya. Kunnensa yana ji, gaskiya ne. Ƙwaƙwalwarsa ce ba ta fifita muryar mutum a kan sauran ƙararraki kamar yadda ta sauran yara ke yi. Duka ba ya gyara wannan, sai dai ya koya masa gudun mutane.

Ɗan yatsa

In da za a ce in zaɓi alama ɗaya tak, wannan zan ɗauka.

Nuni iri biyu ne. Na farko shi ne na roƙo: yaro ya nuna kwanon fura don yana son a ba shi. Na biyu shi ne na tarayya. A ce an gama girbi, shanun Fulani sun biyo ta bayan gari, ko raƙumi ya wuce, ko jirgin sama ya gifta. Ɗan wata 14 ko 16 sai ya miƙa ɗan yatsa, ya ce "A! A!", ya juyo ya kalli uwarsa, ya sake kallon raƙumin, ya kuma kallonta. Ba raƙumin yake so a ba shi ba. Cewa yake yi, "Inna, kin ga abin da na gani?" Wannan juyowar ita ce maganar. Yaro ya gane cewa uwarsa tana da nata ido da tata zuciya, yana kuma son su ga abu ɗaya tare.

Yaron da ke yin wannan, ko bai da kalma ko ɗaya, hankali ya kwanta da yawa. Yaron da ya kai wata 18 bai taɓa nuna wani abu don a taya shi kallo ba, a kai shi a duba shi.

Irin wannan tarayya ce ke sa yaro ya tsinto dutse ko ƙwallon goruba ya kawo ya ɗora a cinyar kakarsa yana kallon fuskarta. Ita ce kuma ke sa idan ka nuna masa kaza a can gefen danga ka ce "Dubi!", ya bi yatsanka da ido har ya kai ga kazar. Mai otizim sau da yawa yatsan zai kalla, ko kuma ya ƙi ɗago kai gaba ɗaya.

To in yana jin ƙishirwa fa? Yakan kama hannun babba ya ja shi har bakin randa, ya ɗora hannun a kan moɗa, ba tare da ya kalli fuskar mai hannun ba. Iyaye sukan ɗauki wannan wayo ne, kuma akwai wayo a ciki. Amma a duba idonsa. Yaron da ke jan hannunka yana kallonka yana guna-guni, roƙonka yake yi. Wanda ke jan hannun shi kaɗai, hannun yake bukata.

Me ya sa wannan ya fi kalma muhimmanci? Domin ta nan kalma ke shiga. Uwa ta nuna akuya ta ce "akuya", yaro ya kalli inda take kallo, sai sauti ya haɗu da dabba a ƙwaƙwalwarsa. Idan yaro ba ya bin idon mutane, kalmomi suna ta zuba a kunnensa ba su da abin kamawa. Jinkirin bakin da ake gani a shekara biyu sau da yawa ya samo asali daga jinkirin ido da yatsa da ba a lura da shi ba a shekara ɗaya.

Wasa da kwaikwayo

Yaro ɗan koyi ne. Ɗan wata 9 zuwa 12 yana tafi in an yi masa tafi, yana ɗaga hannu in ana sallama. Da ya fara tafiya, uba na salla yana gefe yana dungura goshi a ƙasa. Yarinya ta sami ɗan icce tana daka a gwangwani. Tsakanin shekara ɗaya da rabi da shekara biyu sai wasan riya ya shigo: a goya takalmi ko 'yar tsana da ɗankwali, a tuƙa tuwon ƙasa a miƙa wa kaka ta "ci", a kara guntun katako a kunne ana "alo, alo".

Mai otizim yana wasa, amma nasa dabam ne. Zai jera marafan kwalba a layi, in ka gusar da ɗaya ya fashe da kuka. In aka ba shi motar gwangwani, kifar da ita zai yi ya yi ta juya ƙafar. Zai ɗebi yashi ya riƙa zubarwa a gaban idonsa yana kallon zubarsa, har rana ta karkata. Yara suna guje-guje a ƙofar gida, shi yana tsakiyarsu amma ba ya cikinsu.

Sai baki

Yanzu mu zo ga abin da aka fara tambaya. Likitocin yara sun sa iyakoki da ya kamata kowace uwa ta riƙe. Yaro ya cika wata 12 ba ya gwaranci, babu "ba-ba-ba" babu "da-da-da". Ya kai wata 16 ba shi da kalma ko ɗaya. Ya cika wata 24 bai iya haɗa kalma biyu da kansa ba, irin su "ba ni" ko "Inna zo". Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa dalilin zuwa gidan likita.

Na ce "da kansa" domin akwai yaron da baki ya buɗe amma maimaici yake yi. Ka ce masa, "Kana son ruwa?" ya ce, "Kana son ruwa?" Wani zai haddace tallar rediyo ko karatun da yake ji daga makarantar allo, ya rera shi tsaf, har a yi ta mamakin kaifin kansa, alhali bai iya cewa yana jin yunwa ba. Haddar baiwa ce, a gode wa Allah a kanta, a kuma raya ta. Amma ba ta maye gurbin hira.

Kuma kada a kai shi wurin wanzami a yanke linzamin harshe ko a cire beli da sunan buɗe baki. Matsalar ba a harshe take ba, jini kawai za a zubar, a jawo masa wani ciwon.

Abin da ya zo ya koma

Wannan ita ce alamar da ta fi karya zuciya. Kusan ɗaya cikin huɗu na yara masu otizim sukan fara kamar kowa. Yaro ya iya "Baba", ya iya "ruwa", yana tafi, yana amsa suna. Sai tsakanin wata 15 da 24 abubuwan su soma zubewa. Kalmomin su ɓace. Ya daina waiwayowa.

A duba wannan lokaci da kyau: daidai lokacin yaye ne. An ɗauke yaro an kai shi gidan kaka, ko uwa ta sami ciki, ko ta bi ayarin matan yankin Kance da ke tafiya Aljeriya neman abin rufin asiri ta bar shi hannun dangi. Da ya yi shiru sai a ce fushin yaye ne, ko ya sha ciki, ko kewar uwa ce. Lallai yaron da aka yaye yakan yi ƙunci na kwanaki, har makonni. Amma ba ya manta sunansa, kuma yakan manne wa kakarsa yana neman rarrashi. In wata ɗaya ya wuce, biyu sun wuce, abin da ya iya bai dawo ba, wannan ya wuce yaye. Doka ce da ba ta da togiya: duk yaron da ya rasa abin da ya riga ya iya, ko yana da wata nawa, a kai shi a duba shi ba tare da jira ba.

Alamun jiki

Akwai wasu halaye da suka fi saurin ɗaukar ido. Kaɗa hannuwa kamar mai shirin tashi sama in ya ji daɗi ko ya ɓaci. Tafiya a kan yatsun ƙafa. Jujjuyawa wuri ɗaya, ko rausaya gaba da baya. Toshe kunne da ihu in an tayar da injin niƙa. Ƙin duk wani abinci sai iri ɗaya. Faɗuwa ya ji ciwo ko ya taka ƙaya bai yi kuka ba. Ɗaya daga cikin waɗannan shi kaɗai ba ya nufin komai, yara masu lafiya da yawa suna yin su su daina. Sai sun haɗu da rashin kallon ido, rashin amsa suna da rashin nuni suke zama magana.

Abu ɗaya dai ba ya jiran tabbaci: yaron da ba ya amsa kira kuma ba ya tsoro, a sa masa ido a kan rijiya, da murhu, da tafkin damina. Irin waɗannan yara sukan sulale su fita, kuma ruwa yana jan su.

A fara da kunne

Ba duk yaron da ba ya waiwayowa ne mai otizim ba, musamman a ƙasarmu. Nijar tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, kuma sanƙarau yana barin kurumta. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai har yaro ya yi taune-taune yana iya taɓa ji da magana. Kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa yana rage ji. Shawara mai tsanani a makon haihuwa, da wahalar naƙuda, su ma suna barin tabo. Tamowa kuwa takan mayar da yaro shiru, ba wasa ba dariya, sai dai da ya fara samun abinci mai gina jiki yakan dawo hayyacinsa.

Ga yadda ake ɗan bambancewa kafin a je wurin masu na'ura. Yaro kurma mayen fuska ne. Idonsa ƙur a kan bakinka, yana nuni, yana jan riga, yana ƙirƙiro alamu da hannu don a gane shi. Kunnen ne ya toshe, son hirar yana nan. Mai otizim kuwa yana jin ƙara, hirar ce ba ta ja shi. Duk da haka gwajin gida ba ya wadatarwa, domin yaro ɗaya zai iya haɗa biyun. Awon ji shi ne matakin farko ga duk yaron da baki ya yi wa jinkiri.

Laifin wa?

Ba na kowa ba. An taɓa yin zamani a Amurka da Turai da wasu masana ke cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo shi. Iyaye mata sun sha baƙin ciki a banza kafin bincike ya rushe wannan zance. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka fitar a Ingila a 1977, da waɗanda suka biyo baya, sun nuna cewa gado ne ke da kaso mafi girma, kuma gadon yana iya zuwa ta wajen uba ko ta wajen uwa. Saboda haka gidan da aka sami yaro ɗaya a ƙara lura da ƙannensa, domin kusan 1 cikin 5 na ƙannen su ma sukan zo da shi. Mijin da ya saki mace a kan wannan ya zalunce ta.

Allurar rigakafi ma ba ta jawo shi. Wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, shi ya yaɗa wannan zargi a 1998 da rahoto a kan yara 12 kacal. An gano maguɗi a aikinsa, mujallar da ta buga ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa. A 2019 masana a Denmark suka fitar da sakamakon bibiyar yara sama da 650,000, ba su ga wata alaƙa ba. Mu da muka ga yadda shan inna ya sake bazuwa bayan an dakatar da rigakafi a Kano a 2003, muka kuma san abin da ƙyanda ke yi wa yara a lokacin zafi, bai kamata mu sake faɗawa wannan rami ba.

Addu'a kuwa ba a raba mumini da ita. A yi wa yaro addu'a safe da yamma, a kuma kai shi asibiti. Abin da nake roƙo a bari shi ne turara masa hayaƙi har ya shaƙe, da ɗaure shi, da duka da sunan fitar da iska, da sayar da akuyar gida ana bin masu cewa za su warkar da shi cikin mako guda.

Amfanin sani da wuri

Wani zai ce, tunda ba shi da allura ba shi da ƙwaya, mene ne amfanin sani? Amfanin shi ne ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓar koyo a shekaru ukun farko, kuma babban aikin a gida ake yinsa. A Ingila an koya wa iyaye yadda za su bi wasan ɗansu su mayar da shi hira, kuma rahoton da ya fito a 2016 ya nuna amfanin yana nan bayan kusan shekara shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da iyaye, wanda aka gwada a Habasha da Kenya, a wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci. Shi kansa yaro na farko a cikin 11 na Kanner, Donald Triplett, ya yi karatu, ya yi aikin banki a garinsu, ya rasu a 2023 yana da shekara 89, cikin mutanen da suka san halinsa suka riƙe shi. Ba kowane yaro zai kai nan ba, wasu za su bukaci mai kula da su har girma. Amma babu wanda ba ya ƙaruwa in an fara da wuri.

Kuma matan wannan yanki sun riga sun nuna za su iya. A Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da ɗan zaren awo mai launin kore da rawaya da ja, aka ga suna gano tamowa daidai da ma'aikatan da aka horar. Yau wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Macen da ta iya karanta launin zare za ta iya lura ko ɗanta yana waiwayowa, yana nuni, yana kawo mata abu ta gani.

Inda giɓin yake shi ne iyaye da yawa suna daina zuwa awo da an yi allurar ƙyanda ta wata 9, daidai lokacin da alamun ke shirin fitowa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24, kuma takardar da aka fi amfani da ita, M-CHAT-R, tambayoyi 20 ne kawai da uwa ke amsawa da i ko a'a, yawancinsu a kan abubuwan da muka bi a wannan babi. Tun 2006 Nijar ta ayyana duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. A ɗauki karnen yaro a koma gidan likita. Kada a ce wa majon gidan likitan "ba ya magana" kawai, don zai iya cewa a jira. A faɗa masa dalla-dalla: watansa 18, ba ya amsa suna, ba ya nuni, ya iya kalma uku sun ɓace. A nemi takardar zuwa asibitin Matamaye, daga nan babban asibitin Damagaram, a auna ji, likitan yara ya gan shi. Masu hali da ke kusa da iyaka sukan bi ta Daura zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In yaron yana farfaɗiya, wadda takan zo tare da otizim, a faɗa, domin ita tana da magani.

Hanyar tana da nisa, kuma tabbaci yakan ɗauki watanni. Ba sai an jira shi ba kafin a fara aiki. A babi na gaba za mu zauna a kan tabarma tare da yaron, mu ga yadda uwa da kaka da yayye za su mayar da wanka, da cin abinci, da wasan yashi su zama darasi. Kafin nan, in akwai yaron da ya faɗo miki a rai tun da kika fara karanta wannan babi, ki tsaya a bayansa yau ki kira sunansa.